Babi na Huɗu: Daga Ɗakin Miji Zuwa Zauren Alƙali

Duk lokacin da labari ya bazu cewa wata mata ta yi ƙarar mijinta a kotu saboda yana dukanta, tambayar da ke biyo baya a majalisu da gidajen biki ba ta canzawa: shin matan da ma suna yin haka, ko kuwa baƙuwar ɗabi'a ce da boko da zamani suka shigo da ita? Dattawa da yawa a Rano da Kibiya, kamar takwarorinsu na sauran ƙasar Hausa, sukan amsa da cewa matan da an san su da haƙuri, domin yarinya takan shiga gidan miji da wasiyyar "yi na yi, bari na bari", kuma ba ta fitowa sai ranar da aka fito da gawarta. Akwai gaskiya a cikin wannan amsa ta fuskar yawan baƙin cikin da mata suka haɗiye ba wanda ya ji, amma ba ta yi daidai da abin da ke cikin littattafan da alƙalan ƙasar Kano suka yi hukunci da su ba, kuma ba ta yi daidai da labarin da tsofaffin mata suka bayar da bakinsu ba. Kafin a ɗora wa matan yau laifi, ya kamata a koma ƙarnonin da ke tsakanin 1500 da 1800, waɗanda masana tarihi ke kira farkon sabon zamani, a duba abin da shari'a ta tanadar wa matar da ake duka, sannan a auna tazarar da ke tsakanin wannan tanadi da ƙofar ɗakinta.

Rano da zuwan alƙalanci

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma labarin Bayajida ya haɗa ta da Kano a matsayin sarakunan baba, wato ƙasashen da suka yi suna wajen noman baba da rini. Har yau ana yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo, kuma Kibiya da Bunkure suna ƙarƙashin masarautarta bisa dokar da jihar Kano ta yi a 2024. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci Rano a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385 kuma ya yaƙi Sarkin Rano. A zamanin wannan sarki ne Wangarawa suka iso daga Mali da Musulunci, aka tsayar da liman da ladan, aka kuma ambaci jagoransu Abdurrahman Zaite a matsayin alƙali.

Wajen 1492, a zamanin Muhammadu Rumfa, Shehu Magili ya sauka a Kano ya rubuta wa sarki littafi a kan wajiban mai mulki, kuma daga cikin abin da ya ɗora masa akwai zama kullum a inda raunana, har da mata da yara, za su iya isa gare shi da kukansu. A zamanin Muhammadu Kisoki, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1565, aka ambaci isowar Mudawwana, uwar littattafan mazhabar Malikiyya. Ilimin yana tattare ne a birni da manyan garuruwa masu ganuwa inda malamai ke zaune, alhali ƙauyuka da yawa na kudancin Kano, inda Maguzawa suke da yawa, dattawan dangi ne ke yanke musu magana. Duk da haka, daga wancan lokaci zuwa yau, duk alƙalin da ya zauna shari'ar aure a wannan ƙasa da ma'aunin Malikiyya yake awo.

Abin da littafi ya ba matar da ake cuta

Littattafan da ɗalibin alƙalanci ke sauke su su ne Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil na Masar, wanda malaman Hausa suka raba gida biyu suna kiransu Lauwali da Sani, sai kuma Tuhfa ta Ibn Asim, alƙalin Andalus da ya rasu a 1426, wadda aka tsara ta musamman domin masu zaman shari'a. A cikin waɗannan littattafai akwai kalmar Larabci "darar", wadda ma'anarta cutarwa, kuma a kanta aka gina haƙƙin matar da ake duka. Hukuncin Malikiyya shi ne, idan ta tabbata a gaban alƙali cewa miji ya cutar da matarsa cutarwa bayyananniya, zaɓi ya koma hannunta: in ta so ta ci gaba da zama, alƙali ya ladabtar da mijin ta hanyar wa'azi ko tsawatarwa ko abin da ya fi haka, in kuma ta ƙi zama, a raba auren ko da mijin bai yarda ba, kuma ba za ta mayar masa da ko ƙwandala daga sadakinta ba. Muhtasar ya ƙara da cewa ba sharaɗi ba ne shaidu su tabbatar da maimaituwar cutar, wato sau ɗaya ma ya isa idan ta bayyana. Irin wannan rabuwa saki ne yankakke, wanda miji ba shi da ikon yin kome a cikin idda sai da yardar matar da sabon ɗaurin aure.

Malaman da suka yi wa Muhtasar sharhi, irin su Shehu Dardir na Masar wanda ya rasu a 1786, sun faɗaɗa ma'anar cutarwa har ta wuce abin da ke barin tabo a jiki. Sun lissafa ƙaurace wa mace ba da dalilin shari'a ba, da zaginta, da zagin mahaifinta, kuma an ruwaito daga malaman mazhabar cewa yanke mata magana da juya mata baya a shimfiɗa suna cikin abin da za ta iya kai kuka a kansa. Mai karatu ya san yadda zagin iyaye ya zama ruwan dare a bakin wasu magidanta idan rai ya ɓaci, har ba a ɗaukarsa komai, alhali a wurin waɗannan malamai dalili ne da zai iya kashe aure.

Masu kafa hujja da aya ta 34 ta Suratun Nisa'i sukan tsaya a kan ambaton duka su bar sharuɗɗan da malamai suka kewaye shi da su. A Malikiyya ba a zuwa wannan mataki sai bayan wa'azi da ƙaurar shimfiɗa sun gaza, sai kuma mijin yana da rinjayen zaton zai yi amfani, kuma dole ya kasance wanda ba ya karya ƙashi, ba ya fasa fata, ba ya taɓa fuska. Duka mai tsanani haramun ne ko da mijin ya san matar ba za ta saurara ba sai da shi, kuma in ya aikata tana da haƙƙin rabuwa da haƙƙin a bi mata kadin raunin. Aɗa'u ɗan Abi Rabah, malamin Makka daga cikin tabi'ai, yana ganin kada miji ya doki matarsa ko da ta saɓa masa, kuma Nana A'isha ta shaida cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima ba. Saboda haka sanda da bulala da naushi da shuri, waɗanda su ne ainihin abin da mata ke kuka da shi, ba su da mafaka a cikin littafin da alƙali ke riƙe da shi.

Wannan matsayi na Malikiyya ya fi na wasu mazhabobi faɗi. A Hanafiyya, wadda Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta bi, alƙali yana iya hukunta miji mai duka amma ba ya raba auren saboda wannan dalili, shi ya sa da Masar ta tashi gyara dokar iyali a 1929 sai ta aro hukuncin cutarwa daga Malikiyya, haka ma dokar raba auren Musulmi da aka yi a Indiya a 1939. Abin da waɗannan ƙasashe suka nema a ƙarni na 20, yana cikin gafakar malaman ƙasar Kano tun ƙarnoni kafin haka.

Wa ya gani, wa ya ji?

Wahalar tana farawa ne daga inda littafi ya ce "idan ta tabbata". Zaman alƙali a da a zauren gidansa yake, yana kan buzu, littattafai a gefensa, muhuti mai taimaka masa yana kusa, masu ƙara suna durƙushe daga bakin ƙofa. Matar da ta iso nan ta riga ta tsallake kunya mai nauyi, domin al'ada ba ta yarda ta ambaci ko sunan mijinta ba, balle ta tona abin da ke faruwa a ɗaki a gaban maza. Alƙali yakan ce, "Baiwar Allah, me ke tafe da ke?" ita kuma ta amsa da kai a sunkuye, "Allah gafarta malam, ƙarar maigidana na kawo, duka ya ishe ni." Idan aka kira mijin ya ce, "Allah gafarta malam, iyalina ce, ladabtar da ita na yi," to ya sauƙaƙa aikin, domin ya amsa da bakinsa, saura a tambaye shi da me ya doke ta, a ina, kuma a kan wane laifi. In kuwa ya musa, nauyin kawo shaida ya hau kanta, ga shi duka cikin dare ake yinsa, a ɗaki, a gidan da baƙon namiji ba ya wuce zaure, alhali raba aure yana bukatar shaidar maza biyu adilai.

Malaman Malikiyya sun lura da wannan tarko, suka buɗe masa hanyoyi. Ta farko ita ce shaidar ji, wato maza biyu amintattu su shaida cewa magana ta yaɗu a unguwa, daga bakin mata da masu hidima da maƙwabta, cewa wane yana cutar da matarsa, kuma Tuhfa ta bayyana cewa cutarwa tana tabbata da irin wannan. Wanda ya san zaman ƙauye a Rurum ko Saji ko Tarai ya san hikimar da ke ciki. Darnin kara ne ya raba gida da gida, kuka ba ya tsayawa a bakinsa. Matar maƙwabci da ta shigo ɗiban wuta da asuba ta ga kumburin ido, mai kitso ta ga sawun bulala a wuya, yarinya mai tallan fura ta tarar da kwanuka a watse a tsakar gida, kafin azahar maganar ta kai bakin rijiya, kafin magariba ta kai ƙofar masallaci. Abin da jama'a ke kira tsegumi, shari'a ta mayar da shi hujja idan ya yawaita kuma ya fito ta bakin mutanen kirki.

Hanya ta biyu ita ce, idan matar ta yi ta maimaita kuka ba ta da shaida, alƙali ya umarci mijin ya zaunar da ita a tsakanin mutanen kirki waɗanda za su sa ido su gano mai laifi. In wannan ma bai warware ba, sai a koma ga aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga danginta. A Malikiyya waɗannan biyu matsayin alƙalai suke da shi: su fara neman gyara, in ya gagara su raba auren ko da ma'auratan ba su so, ba tare da biyan komai ba idan laifin na miji ne.

Yadda abin yake a ƙasashen coci

Domin a gane girman wannan ƙofa, yana da amfani a dubi halin da matan Turai suke ciki a waɗannan ƙarnoni, lokacin da shari'ar aure a yawancin ƙasashensu tana hannun kotunan coci. Cocin Katolika tana ɗaukar auren da aka ɗaura kuma aka tare a matsayin alƙawari mai tsarki da mutuwa kaɗai ke warwarewa, kuma babban taron malamanta da aka yi a garin Tirento na Italiya daga 1545 zuwa 1563 ya ƙara jaddada haka. Matar da mijinta ke azabtarwa tana iya kai ƙara, kuma mata da yawa sun kai, amma iyakar abin da kotun ke ba ta shi ne rabuwar shimfiɗa da akushi, wato izinin zama dabam da mijin, tana nan a matsayin matarsa, ba ta da damar auren wani muddin yana raye. A Sifaniya da ƙasashen da ta mallaka a nahiyar Amurka akan ajiye matar a gidan wani amintacce har a gama shari'a, abin da ya yi kama da zaunar da ita tsakanin mutanen kirki.

Furotesta, waɗanda suka ɓalle daga Paparoma tun daga 1517, sun halatta saki saboda zina ko gudun ɗayan ma'aurata, amma yawancinsu ba su ɗauki duka dalilin kashe aure ba. A Ingila kotunan coci sun ci gaba da bayar da rabuwar shimfiɗa kawai, kuma sai matar ta nuna cewa rayuwarta ko lafiyar jikinta na cikin haɗari. Cikakken saki sai ta hanyar doka ta musamman daga majalisar ƙasa, hanya mai tsada wadda mata huɗu kacal suka samu kafin dokar 1857 ta ɗauke shari'ar aure daga hannun coci. Faransa ta halatta saki a 1792, ta soke shi a 1816, ba ta dawo da shi ba sai 1884. Ke nan a shekarar 1700, matar da ke zaune a cikin ganuwar Rano tana da haƙƙin da matar Landan ba ta da shi: a raba ta da mai dukanta, ta yi idda, ta auri wanda take so. Masu cewa Turawa ne suka koya wa matan Hausa neman rabuwa da azzalumin miji sun juya tarihin baibai.

Yaji da biko

Mafi yawan mata ba su fara da zauren alƙali ba, kuma da yawa ba su taɓa taka shi ba. Makamin da ke hannun kowace mace shi ne yaji, wato ta ɗauki mayafinta, wani lokaci da goyo a baya, ta tafi gidan iyayenta ko na wani babba a dangi ba da izinin miji ba. Yaji sanarwa ce ga dangi biyu cewa abin ya wuce saɓanin harshe da haƙori, kuma yana tilasta wa miji yin biko, wato ya aiko dattijo ko ya zo da kansa da goro da ban haƙuri, ya durƙusa a gaban surukai a faɗa masa laifinsa. Magidanci da ya ga murhu ya mutu, ba mai daka, ba mai ɗebo ruwa, ga idon gari a kansa, yakan sauko.

Ƙarfin yaji yana rataye ne ga ƙarfin gidan da aka gudo. Idan uban yarinya mai faɗa a ji ne, ko tana da yayye maza tsayayyu, mijin yakan shiga taitayinsa. Idan kuwa marainiya ce, ko an kai ta gari mai nisa, ko auren zumunci ne wanda kashe shi zai raba 'yan'uwa, ko uban yana cin arzikin surukin, abin da take ji shi ne, "Ki yi haƙuri, 'yar nan, zo mu zauna zo mu saɓa ne," kafin gari ya waye a rako ta. Haƙuri hali ne mai daraja, kuma gidaje da yawa da shi suka tsaya, amma kalmar ta sha zama murfin da ake rufe rauni da shi tun bai warke ba, kuma waliyyin da ya mayar da 'yarsa hannun wanda ya fasa mata baki ba tare da ya ɗauki wani alƙawari a gaban shaidu ba, ya yi sakaci da amanar da Allah ya ba shi.

Labarin Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877 a kan iyakar ƙasar Kano da Zazzau, kuma ta ba wa Baturiya Mary Smith tarihin rayuwarta a 1949 da 1950, ya nuna yadda fita daga aure take a idon matan da suka girma kafin zuwan Turawa. Ita kanta ta yi aure huɗu, na farkon auren zumunci ne da manya suka haɗa ba da sonta ba, kuma ta yi maganar yaji da kashe aure da zawarci a matsayin abubuwan da kowa ya saba da su. Wannan shaida ce daga bakin macen da ba ta taɓa shiga ajin boko ba.

Wanda aka cuta shi ke biya

Akwai wata hanyar rabuwa da ake kira hul'i, wadda Hausawa ke fassarawa da fansar kai: mace ta ba mijinta dukiya, galibi sadakin da ya ba ta, domin ya sake ta. Asalinsa yana cikin aya ta 229 ta Suratul Baƙara da kuma labarin matar Sabitu ɗan Ƙaisu, wadda ta mayar wa mijinta abin da ya ba ta aka raba su a zamanin Annabi. An tanadi hul'i ne domin matar da zuciyarta ta ƙi mijin da bai yi mata laifi ba, kuma adalci ne a nan ta mayar masa da abinsa. Matar da aka daka hukuncinta dabam ne, kamar yadda ya gabata.

A aikace waɗannan hanyoyi biyu sun cakuɗe, kuma a nan ne babbar ɓarnar take. Neman shaidu yana cin lokaci, maƙwabta suna gudun abin da zai ɓata su da mutumin da za su ci gaba da haɗuwa da shi a gona da masallaci, mijin yana iya ƙin amsa kira, matar kuwa ta ƙosa ta tsira. Hanya mafi sauƙi ga kowa ita ce a ce mata ta biya ta tafi. Tun da kuɗin wuri suka shigo ƙasar Kano a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, lissafin abin da aka kashe a aure ya zama abu mai sauƙin ƙirgawa, kuma al'ada ta saba shigar da kayan lefe da sauran ɗawainiyar neman aure cikin abin da miji ke nema a mayar masa. Matar da ba ta da akuya ko kuɗin kaɗi da saƙa da za ta sayar, sai ta jira iyaye su haɗa, ko ta dogara ga wani manemi da zai biya a madadinta, wanda hakan ke sa ta fita daga hannun wani ta shiga hannun wani da bashi a wuyanta. Ga kuma 'ya'ya: Malikiyya ta ba uwa riƙon ɗa namiji har ya balaga, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji, amma al'ada takan miƙa yaro ga uba da zarar an yaye shi, kuma tsoron rabuwa da 'ya'ya ya zaunar da mata a gidajen da ba don haka ba da sun daɗe da barinsu.

Shehu Halil bai bar wannan a buɗe ba. Ya bayyana cewa idan mace ta fanshi kanta, daga baya ta tabbata cewa cutarwa ce ta tura ta, sakin ya tabbata kuma dole mijin ya dawo mata da dukiyarta. Kuma domin magana ce ta dukiya, an sassauta shaidar, shaidar ji ta isa, haka ma rantsuwarta tare da namiji ɗaya ko mata biyu. Wannan hukunci yana cikin Muhtasar da ake karantawa a zaurukan malamai, amma matar da aka hana ta karatu ba ta san da shi ba balle ta nema. Duk macen da ta sha duka sannan ta sayar da kayan ɗakinta ta biya wanda ya doke ta, an zalunce ta sau biyu, kuma zalunci na biyu ya fi muni domin da sunan shari'a aka yi shi.

Akwai kuma waɗanda ƙofar ba ta buɗe musu ba ko kaɗan. Kuyanga ko ƙwarƙwara ba ta da igiyar aure da za a tsinka, kuma ko da yake Malikiyya ta ce bawan da ubangidansa ya nakasa shi da gangan ya 'yantu, kaiwa ga alƙali daga cikin gidan mai sarauta ko attajiri abu ne mai wuyar gaske. A gidajen Maguzawa, inda mata ke noma gayaunarsu, dattawan dangi ne ke zama a kan rikicin aure, kuma abin da aka fi ja a kansa shi ne mayar da dukiyar aure.

Abin da Shehu ya gani

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a 1817, ya ɗora yatsa a kan tushen matsalar. A cikin Nurul Albabi ya soki malaman da ke karantar da almajirai a waje suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ya kwatanta yadda ake mu'amala da su da yadda ake yi da kayan aikin gida da ake mora har su lalace a yar, ya kuma gargaɗi mata game da masu nanata musu biyayyar miji ba tare da koya musu biyayyar Allah da Manzonsa ba. A cikin Kitabul Farƙi ya zargi mahukuntan Hausa na zamaninsa da karɓar gaisuwa da karkatar da hukunci ga mai abin hannu. Magana ce ta abokin hamayya, amma ta nuna irin kukan da talakawa ke yi, kuma matar da ta zo zaure hannu rabbana ita ce ta farkon faɗuwa a irin wannan ma'auni.

Jihadin Shehu ya iso kudancin Kano da ƙarfinsa, domin a Burumburum, kusa da ƙasar Rano, aka kashe Muhammadu Alwali, sarkin Kano na ƙarshe daga tsohon gidan sarauta, wajen 1807. A daidai wannan lokaci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya sauka a Kano, jama'arta suka roƙe shi ya rubuta musu jagora, ya rubuta Liya'ul Hukkami a kan mulki da alƙalanci. Daga nan alƙalai suka ƙaru a manyan garuruwa, Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yantaru a ƙasar Sakkwato domin kai karatu ga matan karkara. Hukuncin cutarwa bai canza ba, sai dai zauren da za a nemi shi ya matso kusa da mutane.

Turawa sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, suka bar kotunan alƙalai a kan aikinsu, suka kuma wajabta rubuta kowace shari'a a littafi, shi ya sa bayanan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 suka wanzu har yau, da muryoyin mata masu kawo ƙara a cikinsu. Babi na gaba zai bi wannan zamani na takarda da sammaci har zuwa kundin dokokin laifuffuka na Arewa da aka zartar a 1959, wanda sashe na 55 nasa ya cire dukan da miji ya yi wa matarsa da sunan gyara daga cikin laifuffuka muddin bai kai ga mummunan rauni ba kuma al'adarsu ta amince da shi, domin a ga yadda wannan sashe ya zauna tare da hukuncin da Muhtasar ya riga ya ba matar da aka cuta.